Inji guda, ɗaki biyu

Ordinater, wato inji mai ƙwaƙwalwa, ba ya aiki shi kaɗai. Sai an zuba mashi wani babban tsari wanda ke tafiyar da komi: shi ke buɗe takardu, shi ke aje hotuna. Wanda aka fi sani wajenmu shi ne Windows, na kamfanin Microsoft a Amurka. Akwai kuma Linux, wanda wani ɗan makaranta na ƙasar Finlanda, Linus Torvalds, ya soma a 1991. Shi wannan kyauta ake samun shi.

To, mai inji guda yana iya aje su duka biyu? Ƙwarai kuwa.

Ku dubi gidan mai mata biyu. Kowace da ɗakinta, amma girki bi da bi ne. Cikin inji akwai ma'aji inda komi ke kwana. Gwani sai ya raba ma'ajin nan biyu, ya ba kowane tsari ɗakinshi. In ka kunna inji, wani ɗan tsari mai suna GRUB ya nuna maka sunayensu, ka zaɓi mai girkin yau. In ka yi shiru ƴan daƙiƙu, shi ya zaɓa maka. Ba su aiki tare. In kana son ɗayan, sai ka kashe ka sake kunnawa.

Mi ya sa ake wannan wahala? Wani aikin ofis sai da Windows. Amma tun watan Oktoba na 2025 Microsoft ya daina yi ma Windows 10 gyara na kyauta ga kowa, alhali tsofaffin injuna da yawa ba su ɗaukar Windows 11. Linux kuwa yana tafiya lafiya lau bisa tsohon inji. Ni a ganina, wanda kuɗinshi ba su kai sabo ba, nan ne mafita.

Wajen rabon ɗaki ne hatsari yake. Kuskure guda, ko kuran ya ɗauke ana cikin aiki, sai takardun shekara da shekaru su tafi, babu dawowa. Don haka kafin gwani ya taɓa komi, ka sa shi ya kwafe maka kayanka cikin kile, ka duba da idonka.

Kuma Windows ake fara zubawa, sannan Linux. In aka juya, Windows yakan tare ƙofa, inji ya riƙa tashi da shi kaɗai, sai an koma an gyara GRUB.