Ƙwayoyin Nano: Daga Masana'anta Zuwa Kogi da Gona

A shekarar 2008, wasu masu bincike biyu a Jami'ar Jihar Arizona da ke Amurka, Troy Benn da Paul Westerhoff, suka sayo safa irin wadda ake tallata cewa ba ta wari, suka yi ta wanke ta suna auna ruwan wankin. Sirrin safar shi ne 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin azurfa da aka cusa cikin zarenta domin su kashe bakteriyar da ke sa ƙafa ɗoyi. Wasu daga cikin safunan sun riƙe azurfarsu, wasu kuwa bayan wanki kaɗan kusan duk ta bi ruwa. Ina ta tafi daga nan?

Waɗannan ƙwayoyi su ake kira nano. Idan aka raba mita ɗaya gida biliyan, kaso ɗaya shi ne nanomita, kuma ƙwayar nano tana tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Kaurin silin gashin kai ya kai wajen nanomita 80,000. Da gangan ake ƙera su a masana'anta, ana zuba su a fenti, da man kare fata daga zafin rana, da tufafi, da batir, da bandejin ɗaure rauni.

Ƙanƙantar ita ce amfaninsu, ita ce kuma abin tsoro. Duk mai girki ta san dunƙulen kanwa yakan daɗe a ruwa bai narke ba, amma idan aka daka shi, nan take yake bin ruwan, domin ko'ina a jikinsa ruwa na taɓawa. Dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare, faɗin jikinsa santimita murabba'i 6 ne kacal. A farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu nanomita ɗaya, sai faɗin ya kai mita murabba'i 6,000, kusan filin ƙwallo guda. Shi ya sa azurfar da mata ke sawa a hannu shekara da shekaru ba ta cutar da kowa, amma garinta na nano yana sakin sinadarin da ke kashe bakteriya, kuma yana cikin ƙarafa mafiya guba ga kifi da ƙananan halittun ruwa.

Sai dai ƙwayar da ta bar masana'anta ba ita ce ke isa kogi yadda take ba. A hanya takan rikiɗe. Masu bincike a cibiyar nazarin ruwa ta Eawag a Suwizalan sun nuna cewa a matatar ruwan ƙazanta, azurfar tana haɗuwa da farar wuta ta koma wani sinadari mai wuyar narkewa, dafinta ya ragu ƙwarai, kuma mafi yawanta na kwantawa cikin taɓon da ake tacewa. To amma wannan taɓon, a ƙasashe da dama, shi ake kwasa a kai gonaki a matsayin taki. An raba ƙwayar da kogi, an kai ta gona.

Me take yi a gonar? A 2012, masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka shuka waken soya a ƙasar da aka gauraya da ƙwayoyin nano iri biyu. Na zink oksaid sun sa zink ya hau shukar har cikin ganye da tsaba. Na siriyam oksaid kuwa, da aka zuba da yawa, sun daƙile aikin bakteriyar da ke zaune cikin 'yan ƙulle-ƙullen saiwa, wadda ke jawo naitirojin daga iska ta ba ƙasa ƙarfi. Duk manomin da ke juya gyaɗa ko wake da hatsi don gonarsa ta farfaɗo, da wannan bakteriya ya dogara, ko bai san sunanta ba.

A ruwa ma an gwada. A lardin Ontariyo na Kanada, masana sun zuba kilogiram 15 na azurfar nano cikin wani tafkin gwaji a 2014 da 2015. Tafkin bai mutu ba, amma azurfar ta taru a hantar kifaye, wani nau'in kifin kuma ya ragu.

Ga ɗan Adam, babbar ƙofar haɗari ita ce numfashi. A 2008, masana a Jami'ar Edinbara suka sanya dogayen bututun kabon na nano a cikin ɓeraye, sai suka ga kumburi irin wanda zaren asbestos ke haddasawa. Gajerun bututun ba su yi hakan ba. Ke nan siffar ƙwaya ma tana da tasiri, ba sinadarinta kaɗai ba. Akwai kuma ƙofar baki. Titaniyam dayoksaid, farin garin da ake sa wa alewa da cingam su yi ƙal, wani kasonsa ƙwayoyin nano ne. Faransa ta hana sa shi a abinci daga 2020, hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce a 2021 ba za ta iya ci gaba da ɗaukarsa mara illa ba, Tarayyar Turai ta haramta shi a 2022. Amurka kuwa har yanzu tana ƙyale shi, muddin bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin abincin ba.

Ƙiyasin masana ya nuna cewa abin da ke cikin kogunan Turai a yanzu, galibi, bai kai adadin da ke yin illa a ɗakin gwaji ba. Amma wannan kwanciyar hankali ta ginu ne a kan matatun da ke tare mafi yawan ƙwayoyin. A yawancin garuruwanmu, ruwan wanki da na wanka daga kwata sai rafi. A Kano, ruwan Jakara da ke ɗauke da dagwalon gari shi masu lambu ke jawowa su shayar da latas da alayyafo. Shingen da ke Turai babu shi a nan.

Saboda haka, mai saye ya riƙa karanta jikin kaya. Tun 2013 dokar Turai ta wajabta rubuta kalmar nano a jerin sinadaran kayan shafe-shafen da ke ɗauke da su. Azurfa a bandejin wanda ya ƙone tana da dalili. A safa kuwa, sabulu da shanya a rana sun wadatar. Mai fesa fenti da mai goge bango su sa takunkumi na ƙwarai, ba ƙyalle ba. Hukumomi irin su NAFDAC da NESREA a Nijeriya kuma ya kamata su tambayi duk mai shigo da irin waɗannan kaya abu biyu: me ke ciki, kuma idan an gama amfani da shi, a wane ruwa ko wace gona zai ƙare?