CIWON TUNANI: ME YA SA YA FI KAMA MATA?

A Katuru, da sauran garuruwan da ke tsakanin Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda, in mace ta yi ta rama, ba zazzaɓi ba tari, ta daina shiga cikin 'yan'uwanta mata, sai ka ji an ce, "Ai tunani ne ya kama ta." Da an faɗi haka sai kowa ya yi shiru, kamar an ƙare magana. Mu kuwa a ganinmu nan ne ya kamata a soma maganar, gama abin nan da mutanenmu su ke kira tunani ciwo ne sosai. Likitoci sun san shi, suna ce da shi ciwon damuwa, kuma yana da magani.

Kada masu karatu su zaci kowane baƙin ciki ciwo ne. Wanda aka yi wa rasuwa, ko ya yi hasarar dukiya, tilas ransa ya ɓaci, wannan halin ɗan Adam ne. Amma in ƙuncin rai ya zauna wa mutum kullum har ya kai mako 2 ko fi, abin da ya ke jin daɗinsa dā ya fita masa a rai, barci ya gagara, abinci ya ƙi ciwuwa, ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani, to, an wuce baƙin ciki an shiga ciwo.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a lissafinta na shekarar 2019, ta ce wajen mutum miliyan 280 ke fama da shi. Cikin manyan mutane kuwa, maza 4 ne cikin 100, mata 6 cikin 100. Watau in ya kama namiji 2, ya kama mace 3. Abin mamaki, tsakanin yara ƙanana ba a ganin wannan bambanci. Sai wajen shekara 13, lokacin balaga, sa'an nan 'yam mata su ke soma yi wa samari nisa. Mene ne ya ke faruwa a wannan lokaci?

SINADARAN JIKI

Allah ya halicci waɗansu sinadarai a jikin mutum waɗanda su ke bin jini suna kai saƙo daga wannan gaɓa zuwa waccan. Likitoci suna kiransu homon. Biyu daga ciki, istirojin da furojestaron, su ne ke tafiyad da al'adar mace da ɗaukar ciki, suna kuma taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu lura da barci da walwala. A jikin mace ba su zama wuri ɗaya, hawa su ke yi da sauka: sa'ad da ta balaga, da kowane wata gab da al'ada, da bayan haihuwa, da lokacin da al'ada za ta ɗauke.

Saukar da ta fi tsanani ita ce ta bayan haihuwa. Muddin mace tana da ciki, mabiyiya ce ke zuba sinadaran nan da yawa cikin jini. Da ta faɗo, cikin 'yan kwanaki sai su yi ƙasa gaba ɗaya. Shi ya sa mai jego ta kan yi kuka ba dalili tun kafin suna. Galibi wannan ya kan wuce da kansa cikin mako 2. Amma fiye da mace 1 cikin 10 masu ciki da masu jego, abin ya kan zame musu ciwo, har wata ta kāsa jin ƙaunar jaririnta, ta kuma ji kunyar faɗi.

Duk da haka ba za mu ɗora wa sinadaran nan laifin duka ba. Kowace mai haihuwa sinadaranta suna sauka, amma mafi yawansu ba su kamuwa. Lalle akwai wani abu kuma.

TUƘAR ZUCIYA

Wata malama masaniyar halin ɗan Adam a Amurka, Susan Nolen-Hoeksema, wadda ta rasu a 2013, ta ƙare rayuwarta tana binciken wannan abu. Sunan da a ke ba shi da Turanci an aro shi ne daga tuƙar saniya, kowa kuwa a ƙasar nan ya san yadda saniya ta ke kwanciya ta dawo da abin da ta riga ta haɗiye ta yi ta tauna. Haka mai wannan hali ya ke dawo da magana ɗaya: me ya sa ni, me na yi, ina ma a ce. Yana saƙawa yana kwancewa, ba ya kai wa ga shawara.

A shekarar 1989 an yi girgizar ƙasa kusa da Jami'ar Stanford. Aka yi dace malamar nan ta riga ta gwada halin waɗansu ɗalibai mako 2 kafin abin ya auku. Da ta sāke gwada su bayan kwana 10, da kuma bayan mako 7, sai ta tarar waɗanda dā ma su ke da halin tuƙa su ne damuwa ta fi kamawa. Bincikenta ya kuma nuna mata sun fi maza wannan hali.

In mun duba zamanmu na nan, ba wuya mu ga dalili. Namiji in ransa ya ɓaci ya kan tafi gona, ko kasuwa, ko ya zauna a majalisa a yi ta hira har abin ya sake shi. Mace kuwa tana tsakar gida. Daka da tankaɗe da wanki suna riƙe hannu, amma sun bar zuciya sake. Tun tana yarinya kuma an hore ta da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haƙuri abin yabo ne, amma haƙurin da ba a ba shi ko kunne ɗaya mai saurare, shi ne ya kan koma tuƙa.

ABIN DA TASHIN HANKALI YA ƘARA

Kakanninmu ba su san sunan homon ba, amma sun yi wa mace shinge a daidai wuraren da ta ke da rauni. Mai cikin fari a kan kai ta gidan iyayenta ta haihu. Mai jego tana da tsohuwa mai kula da ita har ta yi arba'in. Mai takaba, wata 4 da kwana 10, ba a barinta ita kaɗai.

Tun wajen 2011 da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Zamfara, shingen nan ya yi ta faɗuwa. Ƙauyuka sun watse, uwa tana wani gari 'ya tana wani, hanya kuma ba ta biyuwa sai da fargaba. A watan Satumba na 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka yanke layukan waya, mutum bai iya jin ko muryar ɗan'uwansa. Matan da aka kashe wa maza, da waɗanda aka sace wa 'ya'ya, ga yunwa ga rashin barci, an haɗa musu duk abin da ke kawo ciwon nan a lokaci ɗaya.

Kada kuma maza su ce sun tsira. Namiji ya kan ɓoye nasa cikin fushi, da dukan iyali, da shaye-shaye irin na maganin tari mai kodin wanda Gwamnatin Tarayya ta hana a 2018. A duniya duka, mazan da ke kashe kansu sun fi ninkin mata.

MAGANI

Akwai ƙwayoyi masu amfani, sai dai su kan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, ba a kuwa shansu sai da izinin likita. Ya kamata a fara gwada jini, gama ƙarancin jini, da ciwon ƙululun wuya mai kawo maƙoƙo, su ma su kan zo da kasala irin wannan. In abin ya yi nauyi, akwai asibitin Gwamnatin Tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Kware, kusa da Sakkwato. A watan Janairu na 2023 kuma aka bayyana sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Amma babban magani yana kusa da gida. Tun 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya gwada haka a Aro, kusa da Abeokuta: ya saukar da majiyyata a gidajen ƙauye, kowane da ɗan'uwansa mai jiyya. A Zimbabuwe, inda su ma a harshen Shona "yawan tunani" su ke ce da ciwon nan, Likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti su saurari mai damuwa, su taimake ta ta ɗauki matsala ɗaya ta nemi mafitarta. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata 6, wajen 14 cikin 100 ne kaɗai na waɗanda suka zauna kan bencin ciwon bai sake ba, alhali cikin sauran wajen rabi ne. Tsofaffi irin waɗannan kuwa ba mu rasa su a Katuru ba.

To, ya ku malaman makaranta da akawuna, tun zamanin En'e ku ne a ke kawo wa wasiƙa ku karanta, ku ne a ke jin maganarku. Malami in ya ga yarinya mai ƙoƙari ta koma shiru, kada ya soma da bulala, ya sa malama ta tambaye ta. Akawu in bazawara ta zo gabansa ta kāsa haɗa magana, kada ya ce mata sakarai. Mai gida in mai jego ta wuce mako 2 tana kuka, ya nemo mata uwa ko gwaggo, ya kai ta asibiti. Addu'a da magani ba su faɗa da juna. In kuwa kun ji wani ya ce gara ya mutu ya huta, kada ku ɗauka wasa ne, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita a ran nan.

An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wannan dai na gida ne duka, gama uwa in ta kwanta, yara ne ke fara ji a jikinsu. Allah ya kawo wa ƙasar nan zaman lafiya, amin.