ZANEN NAƊE JINJIRI: KI ƊINKA ABINKI DA KANKI

Ke mai juna biyu, da ke kakar yaro, ku tsaya ku karanta. Wadda ba ta karatu ta sa a karanta mata.

Jinjiri sabon haihuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba. Wata tara ya yi cikin ɗumi, ga shi ya fito jiki a jiƙe, ba kitsen kirki. Don haka sanyi kan kama shi da wuri, ko da ke kina jin zafi. Sanyin nan yana kashe masa jiki, ya hana shi kama nono, wani lokaci har a rasa shi, balle bakwaini, ko wanda nauyinsa bai kai kilo 2 da rabi ba. Da hunturu kuwa ba a magana.

Ba sai kin sayi shawul mai tsada ba. Abin da ya fi shi yana nan cikin adakarki.

WANE IRIN YADI?

Na auduga zalla, mai laushi, marar nauyi. Tsohon zanen atamfa da ya sha wanki har ya yi laushi, shi ne na gaba. Kada ki ji kunya wai a ce an naɗe ɗanki da tsohon zane. Ranar suna a yafa masa na ado a ɗauki hoto, amma na kwana daban ne. Leshi da nailan da shadda mai sitaci ba su shan gumi, suna kartar fata, suna kawo ƙuraje. In sabon yadi maigida ya sayo, ki wanke shi tukuna kafin ki sa almakashi, sitaci da rini su fita. Auduga kuma takan tsuke a wankin fari.

AWO DA ƊINKI

Ana son tsawo da faɗi su zo daidai, inci 45 kowane gefe, wato yadi ɗaya da kwata. Faɗin atamfa kusan haka yake, saboda haka aikin ya zo da sauƙi. In ba ki da abin awo, ki shimfiɗa zanen, ki ɗauko kusurwa ɗaya ki kai ta bakin da ke ɗaya gefen. Inda ta tsaya, nan za ki yanka. Ƙyallen da ya rage kada ki yar, ki yi ƙunzugu ko hula da shi.

Ki kalmashe bakin da kika yanka kamar rabin inci, ki sake kalmasawa, sannan ki bi shi da ɗinki, da keke ko da allura da zare. In ya gagara, tela zai yi miki cikin ɗan lokaci. Da kin gama, ki bi da almakashi ki datse duk zaren da ke reto. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: silin zare ɗaya kan naɗe yatsan jinjiri ya hana jini gudu, yaro na ta tsala kuka, ba wanda ya san dalili.

Ban da maɓalli, ban da duwatsun ado, ban da igiya, ban da fil. Ki ɗinka guda biyar ko shida tun kafin watanki ya kama, don fitsari da tumbuɗi ba sa jira wanki ya bushe. Na hunturu ba sai kin yi mai kauri ba. Masu sauƙi biyu sun fi, in rana ta yi sai ki cire ɗaya.

WANKI DA AJIYA

Ki wanke da sabulu, ki ɗauraye sosai, ki shanya a igiya cikin rana. Kada ki shanya a ƙasa. Akwai wani irin ƙuda mai saka ƙwai a ƙasa da jikin tufafi masu danshi, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta yi kamar maruru. Guga da dutse mai zafi tana kashe ƙwan.

KADA KI SA KAFUR CIKIN KAYAN JINJIRI! Mun san an saba, don ƙamshi da korar kyankyaso. Amma a ƙasar nan akwai yara da yawa da ake haifa da wani irin jini wanda kafur ke fasawa, sai shawara mai tsanani ta kama su, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a gane irin yaran nan da ido. Kayan da suka riga suka kwana da kafur, a sake wanke su, a shanya har warin ya fita sarai.

YADDA ZA KI NAƊE SHI

Ki shimfiɗa zanen kusurwa ɗaya na kallon sama, ki lanƙwaso ta ƙasa kaɗan. Ki kwantar da yaro rigingine, kafaɗunsa daidai lanƙwasar, wuya da kai a waje. Ki jawo gefe ɗaya bisa ƙirjinsa ki cusa ƙarƙashin bayansa. Ki ɗago na ƙasa sako-sako. Ki jawo ɗaya gefen ki cusa. Sai ki gwada: yatsunki biyu ko uku su iya shiga tsakanin zane da ƙirjinsa. In ba su shiga ba, kin matse, kwance ki sake.

Kaka, wannan naki ne. Kada a miƙar da ƙafafun jinjiri a ɗaure su tamau wai don su miƙe. Gaɓar ƙugunsa ba ta yi ƙwari ba tukuna, ɗaurin nan kan sa ta goce, sai ya fara tafiya a ga yana ɗingishi. A bar ƙafafun su lanƙwashe su buɗe kamar na kwaɗo, ya riƙa wutsil-wutsil a ciki.

In zai yi barci, rigingine kullum, ba rub da ciki ba, ba a gefe ba. Fuska a buɗe, ba filo, cikin gidan sauro. Ran da kika ga ya fara ƙoƙarin juyawa, wasu tun suna wata biyu, naɗi ya ƙare, don in ya kife hannu a naɗe ba zai iya ɗago fuskarsa ba. Daga nan zanen ya koma na shimfiɗa da na goyo.

Zafi ma illa ne. Ki riƙa taɓa ƙeyarsa da ƙirjinsa. In da gumi, rage masa kaya. Da bazara zane ɗaya da ƙunzugu sun isa. Kada a rufe ɗaki da kaskon garwashi a ciki, iskar gawayi tana kisa ba a sani ba.

Ki sani kuma, ba zanen da ya kai jikinki ɗumi. Da an haife shi a tsane shi, a ɗora shi a ƙirjinki fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe ku tare, ya kama nono cikin sa'ar farko. Wanka ya jira sai bayan sa'a 24. Bakwaini kuwa, a ƙirjin uwa ake goya shi dare da rana, ungozoma za ta nuna miki yadda ake yi.

In kin ji jikinsa ya yi sanyi ko ya yi zafi, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ko idonsa da tafin ƙafarsa sun yi ɗorawa, ko cibiya tana wari, kada ki jira gari ya waye. Ki sa shi a ƙirjinki, ki lulluɓe, ki kawo shi asibiti nan da nan.