Rigar da Jarirai 62 Suka Sa a Gidan Sarautar Ingila

Ranar 10 ga Fabrairun 1841 aka yi wa 'yar fari ta Sarauniya Victoria baftisma a fadar Buckingham, ranar da iyayenta suka cika shekara guda da aure. Sarauniya ta sa an ɗinka wa jaririyar doguwar farar riga ta siliki daga masaƙan Spitalfields a Landan, aka lulluɓe ta da leshin hannu na garin Honiton, kwatankwacin kayan da ita kanta ta sa ranar aurenta. Wadda ta yi aikin, Janet Sutherland, 'yar wani mai haƙar kwal ce daga Falkirk a ƙasar Sikotland. Da wuya ta yi zaton aikin hannunta zai kai shekara 163 ana amfani da shi.

Jarirai 62 ne suka sa rigar. A cikinsu akwai Edward na Bakwai, da George na Biyar, da Edward na Takwas, da George na Shida, da Elizabeth ta Biyu a 1926, sai Charles na Uku a 1948. Kowanensu an riƙe shi a hannu yana tsala kuka ko yana barci cikin tufa guda, tun bai san sarauta ba balle ya yi mata kwaɗayi. Bayan kowane biki sai a wanke ta da hannu, a adana ta inda haske ba ya shiga, domin rana abokiyar gabar siliki ce.

Kwanon ruwan baftismar ma tsaran rigar ne. Victoria da mijinta Albert ne suka sa aka ƙera shi da azurfa aka shafe da zinariya, da zanen furanni a bakinsa. An ce ta ƙi tsohon kwanon zamanin Charles na Biyu ne saboda an yi wa 'ya'yan da ya haifa ba ta hanyar aure ba baftisma a cikinsa. Yanzu yana ajiye tare da kayan sarauta a Hasumiyar Landan, sai an yi haihuwa a fito da shi. Ruwan kuwa bisa al'ada daga Kogin Urdun ake ɗebo shi.

Tufa dai tufa ce, ba ta dawwama. Bayan baftismar jikarta Lady Louise a 2004, Sarauniya Elizabeth ta ga rigar ta yi laushi har ana fargabar taɓa ta, sai ta umarci mai kula da suturarta, Angela Kelly, ta ɗinka irinta sak. Nan aka ci karo da matsala: sabon leshi fari ne fat, tsohuwar riga kuwa shekaru sun mayar da ita ruwan madara. Kelly ta bayyana a littafinta na 2019 cewa baƙin shayi suka haɗa, suka riƙa tsoma leshin ƙyalle-ƙyalle suna dubawa har launin ya yi daidai. A 2008 aka fara sa wa James, ƙanen Louise, sabuwar rigar, sannan tattaɓa-kunnen Sarauniya: George a 2013, Charlotte a 2015, Louis a 2018.

Wani zai ce ai wannan yaudarar ido ce, an rina sabo ya yi kama da tsoho. Ni ban ga haka ba, tunda ba a ɓoye wa kowa ba. Da ƙyallen kansa ake girmamawa, da an ci gaba da sa shi har ya yage. Abin da gidan ke tsarewa shi ne a ajiye hoton kaka kusa da na jika, a ga babu inda zaren ya katse.

Talakan Ingila ba shi da kwanon azurfa, amma yana da abin da ya fi shi amfani ga mai neman asali. A 1538 Thomas Cromwell, babban wazirin Henry na Takwas, ya ba da umarni kowane coci ya buɗe littafin rubuta baftisma da aure da jana'iza, a kulle shi cikin akwati mai makulli biyu. Jama'a suka yi ta gunaguni, suna zargin dabarar ƙaƙaba sabon haraji ce. A 1598 aka ce a kwafe bayanan a kan fata domin takarda na ruɓewa. Sai a 1837, shekarar da Victoria ta hau gado, gwamnati ta fara rajistar haihuwa da kanta. Saboda haka duk Baturen Ingila da ke bin salsalar gidansu, da ya wuce 1837 sai ya koma ga littattafan coci, inda sau da yawa ranar baftisma zai tarar ba ranar haihuwa ba, da sunan uba, wani lokaci ko sunan uwa babu.

Yau iyayen da ke kai jariransu a yi musu baftisma a Cocin Ingila sun ragu ƙwarai in an gwada da tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da mafi yawan jarirai ke bi ta nan. Masu tonon asali kuwa sai ƙaruwa suke yi, an ɗauki hotunan tsofaffin littattafan an zuba a intanet, mutum na zaune a Ostareliya ko Kanada yana karanta rubutun limamin wani ƙauye da ya rasu shekara 300 da suka wuce.