Takardar Shaidar Lafiyar Kaji Kafin Tsallake Iyaka

A ƙasar Gobir da wuya a shiga gida ba a ga kaza ko zabuwa ba. Ita ce asusun uwargida, ita ce kuɗin littafin ɗan makaranta. Daga Tsamaye da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa, fatake kan tara kaji a akurki su nufi manyan kasuwanni. Amma tun 1996, da aka cire Jihar Zamfara daga Sakkwato, kazar da ta bar Isa zuwa Shinkafi ta tsallake iyakar jiha, wadda kuwa ta yi arewa zuwa Maraɗi ta tsallake iyakar ƙasa. Ƙwayar cuta ba ta san wata iyaka ba.

Cututtuka biyu ne suka fi tayar wa masana hankali. Ta farko ita ce Niyukasul, wadda aka fara ganowa a 1926, mai share kajin ƙauye musamman a lokacin hunturu. Ta biyu ita ce murar tsuntsaye nau'in H5N1. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullarta a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko ke nan a nahiyar Afirka. Kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya cikin Jamhuriyar Nijar. A 2007 ta kashe wata mata a Legas, sannan ta sake dawowa a 2015.

Me ya sa duban ido ba ya wadatarwa? Dalili shi ne, kaza na iya ɗaukar cutar Niyukasul ta yi kwana biyar ko shida tana ci tana sha kafin alama ta bayyana. Agwagwa kuwa takan yaɗa murar tsuntsaye ba tare da ta nuna ciwo ba. Saboda haka, bayan likitan dabbobi ya duba numfashi da kashi da tsayuwar tsuntsu, yakan lakato majinar maƙogwaro da ta dubura da ɗan tsinke mai auduga, wani lokaci ya ɗebi jini. Akan aika samfurin cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924.

Idan sakamako ya yi kyau, sai a ba da takardar shaida mai bayyana yawan tsuntsayen, da inda suka fito, da inda za su. Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ita ta ba likitocin gwamnati ikon sa ido kan irin wannan zirga-zirga. Amfanin takardar ya wuce shingen hanya: in annoba ta ɓarke, da ita ake bin sawu har inda cutar ta taso.

Ɗalibi na da rawar takawa a gidansu. A killace sabuwar kaza mako uku kafin a haɗa ta da na gida. A wanke akurkin da ya dawo daga kasuwa. Idan kaji suka fara mutuwa bi da bi, kada a ruga da sauran kasuwa don gudun asara, a sanar da malamin dabbobi mafi kusa. Wake ɗaya, in ji Hausawa, shi ke ɓata gari.