Yadda ake haɗa ƙaramar manhajar lissafi da Python

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin ofis da ke maimaita lissafi iri ɗaya kullum zai iya haɗa wa kansa ƙaramar manhaja mai taga da maɓalli a kwamfutarsa. Harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, kyauta ne, kuma yana zuwa da kayan aiki mai suna Tkinter domin wannan buƙata.

A ɗauki misalin harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100. Da farko a buɗe taga da umarnin Tk(). Sai a sanya abubuwa uku a cikinta: Entry, gurbin rubuta farashi, Button, maɓallin da za a danna, da Label, inda amsa za ta fito. Umarnin grid() ne ke jera su. Daga nan a rubuta lissafin, a haɗa shi da maɓallin. A ƙarshe mainloop() ke riƙe tagar a buɗe, tana jiran a danna.

Inda masu koyo suka fi yin tuntuɓe shi ne gurbin farashi. Python na ɗaukar duk abin da aka shigar ciki a matsayin rubutu, ko da lambobi ne. Idan aka ninka 500 sau biyu a haka, amsar za ta fito 500500 maimakon 1000. Don haka wajibi ne a mayar da shi lamba da float() kafin lissafi. Sannan a gwada manhajar da tsohon rasit da aka san amsarsa, kafin a ɗora mata amanar kuɗin mutane.