Shuɗiyar Takarda a Bakin Ƙofa: Yadda Ƙananan Hukumomi a Ingila Ke Yanke Hukunci Kan Lasisin Barasa da Gidajen Rawa

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Na san wasu suna ganin kanun za su ce, mu da ba ma shan giya, ina ruwanmu da lasisinta? To ku ɗan yi haƙuri. Abin da nake so mu duba shi ne yadda talaka ke da ta cewa a kan abin da ake shirin yi a unguwarsa, tun kafin a yi. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Landan ko Birmingham, wannan ya shafe ku kai tsaye. Mu kuma da ke gida, akwai abin ɗauka.

A Ingila da Wales akwai dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki gadan-gadan a Nuwamba 2005. Kafin nan alƙalan majistare ne ke ba da lasisin sayar da barasa. Dokar ta karɓe wannan iko ta miƙa wa ƙananan hukumomi, wato kansilolin da mutane suka zaɓa. Lasisi ɗaya ne ya haɗa sayar da barasa, da kiɗa da rawa, har da sayar da abinci mai zafi tsakanin 11 na dare da 5 na asuba. Kenan ko mai shagon gasasshiyar kaza da ba ya ajiye kwalba ko ɗaya, in dai zai wuce 11 na dare, sai ya nemi lasisi.

To a ce mai mashaya yana tashi 11, yanzu yana so ya riƙa kaiwa 2 na dare, ya kuma kawo masu kiɗa. Ba zai wayi gari kawai ya fara ba. Zai rubuta wa ƙaramar hukuma, sannan ya liƙa sanarwa a kan shuɗiyar takarda inda duk mai wucewa zai gani, ta yi kwana 28 cur. Zai kuma buga a jaridar yankin cikin ranakun aiki 10. Kwafin takardar zai je wa 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da jami'an lafiyar muhalli, da masu kula da kare yara, da sauransu.

A cikin waɗannan kwanaki 28 kowa na iya rubuta ƙorafi. Da sai maƙwabci na kusa, amma tun 2012 aka cire wannan sharaɗi.

Ga inda mutanenmu ke yawan yin tuntuɓe. Dokar ta ware dalilai huɗu kacal: hana aikata laifi da tashin hankali, tsaron lafiyar jama'a a wurin, hana damun mutane, da kare yara daga cutarwa. In ka rubuta cewa giya haramun ce, ko ka ce mashayar unguwar sun ishe mu, a wajenka gaskiya ka faɗa, amma kansiloli ba su da hurumin yanke hukunci da ita. Sai dai ka ce: ƙofar wurin tana kallon tagar ɗakin 'ya'yana, ranar kaza da ƙarfe kaza an yi faɗa na kira 'yan sanda, da safe yara na taka fasassun kwalabe a hanyar makaranta. Wannan ita ce hujja. Kun ga bambancin ko?

Abu na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci: in kwanakin suka cika ba wanda ya ce uffan, dole ne a ba shi abin da ya nema. Ko kansiloli ba sa so, doka ta ɗaure musu hannu. A nan shiru amincewa ne.

In kuwa an samu ƙorafi mai tushe, kuma ba a sasanta ba, sai a kira zama cikin ranakun aiki 20. Babban kwamitin lasisi yana da kansiloli 10 zuwa 15, amma uku ne ke zama a kan kowace takarda. Zaman a buɗe yake. Mai wuri ya faɗi nasa, yawanci da lauya, 'yan sanda su faɗi nasu, kai ma da ka yi ƙorafi a ba ka dama. Daga nan ko su amince, ko su ƙi, ko su yanke wani sashe, ko su gindaya sharuɗɗa: a sa kyamarori, a ɗauki masu gadin ƙofa, a rufe tagogi in ana kiɗa, a daina zubar da kwalabe da tsakar dare. Wanda bai gamsu ba, mai wuri ne ko maƙwabci, yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun majistare.

Akwai gajeriyar hanya da aka kawo a 2009 don ƙananan sauye-sauye, kamar ɗan gyaran tsarin ɗaki. Ita farar takarda ake liƙawa, ta yi ranakun aiki 10, ba a zama, jami'i ne ke yanke hukunci. Amma ba a bin ta don ƙara lokacin sayar da barasa. Shi ya sa launin takardar ma labari ne.

In an riga an ba da lasisi kuma fa? Ƙofa ba ta rufe ba. Kowa na iya neman a sake duba shi, kuma kansiloli na iya ƙara sharuɗɗa, ko su dakatar da shi har wata uku, ko su soke shi baki ɗaya. Haka ta faru da wani shahararren gidan rawa a Landan mai suna Fabric. A Satumba 2016 ƙaramar hukumar Islington ta soke lasisinsa bayan matasa biyu 'yan shekara 18 sun mutu sanadiyyar ƙwaya. Masoya wurin suka yi ca, aka ɗaukaka ƙara, a Nuwamba aka daidaita kan tsauraran sharuɗɗa, ciki har da hana 'yan ƙasa da shekara 19 shiga. Sai a Janairu 2017 aka sake buɗewa.

Ba wai tsarin ba shi da naƙasu ba. Mai kuɗi yana zuwa da ƙwararren lauya, maƙwabci yana zuwa da fushinsa kawai. Mutane da yawa kuma sukan wuce shuɗiyar takardar ba su ko kalle ta ba, sai an fara kiɗa su farga.

Yanzu mu dawo gida. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ba da lasisi da kula da sayar da barasa cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da kula da shaguna da gidajen abinci. A jihohin da ke bin Shari'a, irin su Kano da Zamfara, dokar jiha ta haramta sayar da ita, don haka maganar ta bambanta. Amma gidajen biki fa? Da wuraren gala, da gidajen kallon ƙwallo, da masu DJ har asuba? Sau nawa aka taɓa liƙa takarda a unguwarku ana tambayar ra'ayinku kafin a buɗe? Yawanci sai dai ka ji kiɗa. Haka shi ma matashin da ya zuba jarinsa, wata rana sai ya tarar an garƙame masa wuri ba a saurare shi ba. Rashin tsari duka ɓangarorin biyu yake cuta.

Muna da ƙananan hukumomi 774, kuma a Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Tunda ana maganar 'yancinsu, mu ma mu nemi namu: sanarwa kafin a ba da izini, wa'adin ƙorafi, zama a bainar jama'a, da dalili a rubuce.

Aikin wannan mako: ka nemo sunan kansilan mazaɓarku, ka tambaye shi wa ke ba da izinin buɗe gidan biki a yankinku, kuma ta ina ake kai ƙorafi. Amsar da ya ba ka, ko da kame-kame ce, ka rubuto mana a ƙasa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya bar zumunci.